Masu Cin Abinci A Rigimar Waƙa

A birnin da ke bayan Dutsen Ƙaf, inda dabbobi ke magana, aljanu ke cin kasuwa da rana tsaka, an yi wata shari'a da ta hana gari barci. Kwaɗo, makaɗin kotso na bakin tafki, ya kai ƙarar Gizo fadar Zaki, wai ya sace masa waƙa sukutum, har da amshinta. Waƙar kuwa baiti huɗu ce da "sai kai" mai yawa. Amma taron da ta tara ya isa mutum ya zauna ya karanci halin 'yan Adam, ko da yake babu ɗan Adam ko ɗaya a wurin.

Kwaɗo irin mutanen nan ne da ba sa tuna suna da haƙƙi sai ranar da kyauta ta fito. Damina uku Gizo yana yawo da waƙar gidajen biki, Kwaɗo na ji, har yana gyaɗa kai yana cewa yaron yana ƙoƙari. Ranar da Zaki ya ba Gizo doki da riga aska takwas, ranar ce ƙirjin Kwaɗo ya fara zafi. "Ba don dokin nake yi ba," in ji shi, "ni me zan yi da doki? Gaskiya nake nema." Duk sanda ya faɗi haka, idanunsa biyu na waje suna kan dokin. Aka tambaye shi yaushe ya yi waƙar, ya ce tun kakan Gizo bai fara saƙa ba. Aka ce ya kawo shaidu, ya lissafa mutum tara, dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

Shi kuwa wanda ake ƙara, ko gezau. Gizo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: "Yanka ya daɗe, ai ba ɗauka na yi ba, wankewa na yi." Hujjarsa ita ce, inda Kwaɗo ke cewa "sarki", shi "shaiki" yake cewa, saboda haka waƙa biyu ce daban. Tsamin bakin da aka haife shi da shi ya mayar fasaha. Mun san danginsa a duniyarmu. Su ne ke ɗauko fim ɗin Indiya, su cire wa jaruma sari su ɗaura mata atamfa, su bar rawar da kishiyar da hatsarin motar a inda suke, 'yan Kannywood da kansu suna kiran abin wankiya. In ka matsa wa ɗayansu, sai ya jawo Abubakar Imam ya tsayar a gabansa: ai shi ma Magana Jari Ce, da ya rubuta a shekarun 1930, ya ɗebo daga Alfu Laila wa Laila da labaran Turawa. Haka ne, ya ɗebo. Sai dai Imam rushe ginin ya yi, ya sake kwaɓa ƙasar, har aku da wazirin da ke cikin littafin suka fito suna warin fadar Hausa. Gizo farar ƙasa ya shafa wa katangar maƙwabci ya rubuta sunansa.

Sai shaida mai launi da yawa. Hawainiya ta yi wa Kwaɗo amshi shekara bakwai, rabon kuɗi ya haɗa su, ta koma ƙungiyar Gizo da waƙar a cikinta. 'Yan amshi su ne suka fi kowa sanin inda waƙa ta kwana, su ne kuma ba sa faɗa. Da hantsi ta rantse ta Kwaɗo ce. Aka tashi cin abinci, aka gan ta a rumfar Gizo. Da la'asar ta ce ita dai amshi aka ɗauke ta yi, abin da na gaba ya faɗa shi take maimaitawa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne masani, domin shi ya fi kowa cin lokaci. Dila, malamin daji, bai taɓa haɗa baiti biyu ba a rayuwarsa, amma babu waƙar da za ka rera bai gaya maka inda aka samo ta ba. Ya zo da gafaka cike da takardu. Ya ce baitin farko ya ji irinsa wajen wani Burtu da ya mutu zamanin fari, na biyu kirarin mafarauta ne aka juya, na uku ba shi da asali, wannan ma laifi ne. Daga nan ya ce zai yi aiki da dokar 'yan Adam, tunda ta fi tsari. Ya karanto cewa a Nijeriya, bisa dokar haƙƙin mallaka ta 2022, waƙa tana zama ta mai ita har shekara 70 bayan mutuwarsa. Wani tsohon aljani da ya ce ya ga ruwan Ɗufana da idonsa ya tambaya daga baya, su da mutuwa ba ta gaggawar zuwa gare su, yaushe za a fara ƙirga? Dila ya ce wannan tambaya ce mai kyau, tana bukatar taron ƙara wa juna sani na kwana uku, da abinci.

Ƙungiyar mawaƙa ma ta aiko shugaban kwamitinta na yaƙi da satar fasaha. Hankaka ne, mai da ɗan wani naka. Ya yi jawabi mai ratsa jiki, wanda rabinsa na Dila ne.

A ƙofar fada kuwa masoya sun ja daga. Mutanen tafki sun ce duk wanda ya saurari Gizo ba ɗan halak ba ne, mutanen Gizo sun ce kukan damina ba waƙa ba ne. An fasa wa biyu kai. Da wani ya ce cikinsu wa zai rera waƙar da ake faɗa a kanta, sai aka yi ta kallon juna. Kura ce kaɗai ba ta ɓoye matsayinta ba, ta ce tana bayan duk wanda zai yi yanka in ya ci nasara.

Da aka ƙure su, sai masu shari'ar biyu suka zama iri ɗaya: masu "ba ni aka yi". Daɗaɗɗen zance ne a ƙasar Hausa cewa manyan makaɗa aljanu ke ba su waƙa, kuma ba kowane makaɗi ne ke son ƙaryata shi ba, don yana ƙara kwarjini. A duniyarmu dabarar tana ci, tunda ba a iya aika wa aljani sammaci. A bayan Dutsen Ƙaf ana iyawa. Kwaɗo ya ce aljanin tsamiyar bakin kasuwa ne ya ba shi cikin dare. Gizo ya ce shi ma shi ne. Dogarai suka kawo aljanin yana soshe-soshe. Ya amsa cewa ya sayar wa Kwaɗo a kan farin zakara, ya sayar wa Gizo bashi, har yau bai biya ba. Aka ce shi a ina ya samo? Ya ce tsamiyarsa tana jingine da katangar gidan Gizo, kullum da asuba yana jin Ƙoƙi, matar Gizo, tana rerawa a kan dutsen niƙa. Ita ba sarki take yabo ba, habaici take yi wa miji malalaci. Shi dai ya cire sunan Gizo ya sa na Zaki.

Zaki, kamar kowane ubangida da aka wasa, bai ji wannan ɓangaren ba. Ya yanke cewa waƙa ta wanda aka ambata a ciki ce, wato tasa. Ya ce Kwaɗo da Gizo su riƙa yin ta tare ranar Sallah, ya karɓe dokin ya ba Dila ladan bincike. Ƙoƙi ta ɗaga hannu za ta yi magana, Sarkin Fada ya ce: "Baiwar Allah, baƙi sun yi yawa, je ki ƙarasa niƙan."

Ta je ta ƙarasa, amma daga ranar bakinta a rufe take niƙa. Wata uku ke nan. Kwaɗo ya sanar cewa ya tafi hutun nazari, Gizo ya ce likita ya hana shi ɗaga murya, aljanin kuma ya tashi daga tsamiya, an ce yana neman bishiyar haya kusa da gidan da ake daka.