Hanya mafi sauri ta mayar da wayar jama'a gawayi

Mai gyaran waya a Shanono da zaman lafiya da kwastomomi ya gundure shi, to ga mafita ta samu. Abin da zai nema kawai shi ne na'urar ba da wuta ta kan tebur, mai maɓallan saiti, irin wadda ake sayowa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Da yawansu kan fitar da wuta har bolt 30, shi kuwa batirin waya a 3.7 yake aiki, in ya cika ya kai 4.2 ko ya ɗan ɗara. Tsakanin nan akwai filin ɓarna da ya fi gonar gandu faɗi.

Da farko, ya yi gaba da maɓallin da aka rubuta wa OVP. Aikin maɓallin shi ne kafa iyaka: da zarar ƙarfin wuta ya tsallake ta, na'urar ta datse kanta. Mai neman fitina sai ya bar iyakar can ƙololuwa, inda ba abin da zai taɓa ta.

Na biyu, da safe ya taimaki ɗan acaɓa, ya ɗora masa batirin babur a kan bolt 14. Wasu na'urorin ba su da mantuwa, a inda aka bar su nan suke tashi. Da azahar in Hajiya ta aiko da wayarta, ya maƙala wayoyin na'urar biyu a injinta, ya kunna ba tare da ya dubi allo ba. Ɗan siririn hayaƙi da ƙauri su ne shaidar aiki ya kammala.

Na uku, ya dogara da iyakar amfiya, ya ce ai ita ma kariya ce. Ita yawan wutar da ke kwarara take tsarewa. Ƙarfin da ke tunkuɗo ta ba huruminta ba ne.

Akwai dai masu taurin kai da ba sa son shahara. Su sai sun kashe mafitar wuta tukuna, su saita 4.2, su kafa iyaka a 4.5. Kafin su taɓa wayar kowa, sukan kunna na'urar ita kaɗai, su riƙa murzawa sama har ta datse, don su tabbata mai gadin ba barci yake ba, sannan su dawo da saitin su share gargaɗin da ta nuna. Ba sa kuma matse iyakar daidai 4.2, don wuta na ɗan motsawa za ta yanke, a wuni ana kunnawa kamar mai fama da tsohon janareto.

Wata garaɓasar kuma, maɓallin nan abin da ke fita kawai yake gadi. Wutar bango, wadda ya kamata ta tsaya a bolt 230, in KEDCO ta dawo da ita da fushi, ko janareto ya yi tari, sai sitabilaiza. Mai son kammala ɓarna ya sayar da tasa ya sayi takin gero.

Daga nan sai ya tanadi tabarma, don ɗan aiken mai unguwa ba ya wuce la'asar, kuma Hajiya ta riga ta faɗa cewa hotunan bikin autarta duk suna cikin wayar.