Sarkin Kano na Ƙarfe Biyun Dare

Na ga abin yabo a Dubai, a wani ɗaki da ke hawa na huɗu a bayan titin Naif, cikin unguwar Deira. Gadajen ƙarfe huɗu ne masu hawa biyu, mutum takwas, kowa ya zagaye makwancinsa da zanin gado ya mai da shi labule. A can na tarar da ɗan yayata, wanda ke ɗaurin kaya a wani shagon kago da 'yan kasuwarmu ke aika hajarsu gida ta hannunsa. Yana zaune a gadon ƙasa, ya sunkuyar da kai don kada ya bugi na sama, da wata tsohuwar kwamfuta a cinyarsa wadda ya saya ta hannu a Bur Dubai. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kawu, matso ka gani. Mu ma an sa mu."

Wasan Age of Empires III ne. Kamfanin Microsoft ya fitar da shi a 2005, aka sabunta shi a 2020, sannan a watan Agustan 2021 aka yi masa ƙari mai suna The African Royals, aka shigo da Hausawa da Habashawa. Ana ba ka fili da 'yan talakawa kaɗan, ka sa su farauta da saran itace da haƙar ma'adini, ka yi gini, ka tara mayaƙa, ka murƙushe abokin karawarka kafin ya murƙushe ka. Ba a jiran kowa, duk a lokaci guda ake yi, hannu da ido da lissafi. Ya danna wani mutum a allon, mutumin ya amsa masa da Hausa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ga 'yan lifida sun fito, doki da mahayi duk a lulluɓe da auduga, irin waɗanda muke tsayawa kallo a hawan daushe. Ga kasuwar shanu, inda za ka ba da saniya a ba ka itace ko kuɗi. Waɗanda suka yi aikin nan sun iya aikinsu, ba na tauye musu wannan.

To, tunda sun iya, bari in yabe su yadda ya kamata.

Madalla da su, sun raba gardamar da ta gagari masana. Sarauniya Amina ta Zazzau ce shugabar Hausawa a wasan, babban birninta kuwa Kano. Bazazzagi da Bakano sai su yi musabaha, an haɗa musu gida ba tare da an tambaye su ba. Sannan akwai wani gwarzon ɗan bindiga da ake fitarwa daga fada, sunansa Maigadi. Muna da dogari, muna da barde, muna da ɗan bindiga, amma a cikin duk kalmomin fada da na fagen fama, wadda aka zaɓa a nuna wa duniya ita ce ta dattijon da ke buɗe get a ba shi na goro. Na kalli ɗan yayata, na tuna da samarinmu nawa ne ke tsaye da inifom a ƙofar manyan shagunan garin nan awa goma sha biyu. Sai na ce lallai masu wasan sun san inda za su same mu.

Amma babban yabona na talakawan wasan ne. Ban taɓa ganin talaka nagari irin wannan ba. Da abinci ɗari ake sayensa, ya fito daga tsakiyar gari da ƙarfinsa, ba uwa ba uba, ba suna. Ba ya barci, ba ya salla, ba ya ciwon baya, ba ya tambayar albashi. A nan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sai da aka kafa doka cewa daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a sa lebura aiki a rana tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe uku, saboda jikin ɗan Adam yana da iyaka. Talakan wasan ya fi ƙarfin wannan rauni. In ma ya tsaya cak, akwai alama a gefen allo da ke tona masa asiri, ka danna ta kai ka inda yake, ka mai da shi bakin aiki. Kuma saboda adadin jama'arka ba ya wuce 200, in yaƙi ya yi zafi kana bukatar gurbin soja, sai ka zagaye talakawan da suka gama tara maka dukiya da linzami, ka danna maɓalli guda, su zube. Na ga ɗan yayata ya yi haka da mutum goma, yatsansa ko gezau. Ya ce, "Sun cika wuri, Kawu." Yaron da fasfo ɗinsa da bizarsa ke rataye da alƙalamin mai shago, wanda ya san ranar da kasuwa ta ja baya shi za a fara cewa ya cika wuri. Wane malami ne zai iya koya wa mutum wannan darasi har ya yi shi yana murmushi?

Sai kuma tsabta. Tarihi abu ne mai wari, su kuwa sun wanke shi tas, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A tsohon wasan akwai matakin da ake kira Zamanin Mulkin Mallaka. Da aka sabunta shi sai aka sauya masa suna ya koma Zamanin Kasuwanci. Shi ke nan, an huta. Gonakin Hausa na ciki shar suke, kowa na noma da son ransa, babu rinji, babu bawa, babu kasuwar bayin da Baturen nan Clapperton ya gani da idonsa a Kano a 1824, babu ayarin da ya ƙetare Sahara da 'ya'yan mutane. Idan kana son ci gaba zuwa wani zamani, sai ka ƙulla ƙawance da wata al'umma: Songhai, ko Fulani, ko Yarbawa, ko Turawan Ingila. E, har da su. Ka biya, su zo maka da alheri. Ƙofar ganuwar Kano da igwa ta fasa a watan Fabrairun 1903, faɗuwar Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru da jama'ar da suka kwanta tare da shi a Burmi a watan Yuli, kisan Satiru na 1906, duk an naɗe su an mai da su zaɓi guda a cikin jeri, kamar mai zaɓen turare a kanti. Allah ya ƙara basira. Kakanninmu da sun san ƙawance ake yi da ba su mutu ba.

Ba su manta da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba ma. Akwai fagen yaƙi guda da aka keɓe wa jihadinsa, aka ba shi sunan faɗuwar Hausa. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Mutumin da ya yi shekaru kusan talatin yana karantarwa da wa'azi tun daga Degel kafin hijirar Gudu ta 1804, wanda ya zauna ya lissafa zaluncin sarakuna a Kitabul Farƙi har da jangali da kuɗin gari, wanda 'yarsa Nana Asma'u ta kafa 'yan taru don ilimin matan karkara, an sauƙaƙa mana shi ya koma lissafin maharba da dawakai. Ko jami'ar da ake ginawa a wasan, amfaninta ta riƙa ɗiga maka wani maki da ake kira tasiri, ka kashe shi wajen hayar mayaƙa. Littafi ya zama kuɗin sayen bindiga. Na tambayi yaron me ya haɗa Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Ya yi shiru, sannan ya gaya mini wane irin soja ne ke cin wane iri. Wannan kam ya haddace shi kamar Fatiha, ba tuntuɓe. A wurin da makarantar gwamnati ta yi shekara goma sha biyu ba ta sa masa komai na Gobir a kai ba, wasan ya sa masa wani abu cikin wata uku, kuma abin ya zauna daram. Dole a jinjina wa mai koyarwa irin wannan, ko da abin da ya koyar ɗin ƙashi ne ba bargo.

Na kuma gane dalilin da ya sa wasan ya dace da garin nan kamar an auna. Kafin a samu man fetur a 1966, Dubai gari ne na masu nutso neman lu'ulu'u da fataken jiragen ruwa a bakin wani mashigin ruwa da har yau ake haye shi a kwalekwale. Yanzu ka tsaya a titin Sheikh Zayed da dare ka ɗaga kai, kai ka ce wani ne ya danna linzami benaye suka tsiro. Waɗanda suka ɗora bulo da ƙarfe suna can Sonapur, sai da asuba fararen motocin bas ke kwaso su, da magariba a mayar. Ba ka ganin fuskarsu daga sama. Wasan ma daga sama ake kallonsa, kamar shirwa, kuma daga can kowa tururuwa ne.

Ga kuma iya riƙon mutum. Zagaye guda kan ci rabin awa ko fiye, kuma an tsara shi yadda ba za ka taɓa samun daƙiƙar da babu abin yi ba: kaya sun iso daga Kano, talaka ya tsaya, an kawo hari ta gabas. Uwarsa, yayata, ta ba ni saƙo tun daga gida cewa kwana goma sha ɗaya ba ta ji muryarsa ba. Wayarsa na gefen filo tana haske, sunanta a jiki, ya ce bari ya ƙarasa wannan. Ban ga laifinsa ba, kuma har yanzu ban gani ba. Tun ƙarfe tara na safe ake kiransa da "kai", yana naɗe kwalayen abaya da takalma da salatif, yana tura amalanke a lungunan Deira cikin zafin da ke sa riga ta manne a baya. Wuri guda ne a duk faɗin ƙasar nan ake amsa masa da girmamawa, da harshen uwarsa, kuma wasan ne ya ba shi. Abin da yake karɓa a madadi barcinsa ne kawai, da kiran uwarsa, da tausayin da ya kamata ya ji wa mai kama da shi.

Ƙarfe biyu saura ya ci yaƙin. Ya rusa garin abokin karawarsa, wani da bai taɓa gani ba, har gonaki. Ya juyo da jajayen idanu yana dariya ƙasa-ƙasa don kada ya tashi na gadon sama, ya ce, "Kawu, ka ga Hausawa ko?" Na ce na gani. Na miƙa masa wayar na ce ya kira ta, a gida sha ɗaya ma ba ta yi ba, ba ta kwanta ba. Ya karɓa, ya fita baranda. Allon na nan a buɗe a kan gadon, talakawansa na ta saran itace.