Garkuwar Zafi da Farantin Hajiya

Masanan da suka nazarci ɗabi'ar iska sun yi ittifaƙi a kan cewa idan ta yi sanyi takan cure ta yi nauyi, idan kuwa ta ɗauki zafi sai ta saki jiki ta bazu, har sun ƙididdige cewa iskar da zafinta ya kai digiri 60 ta gaza wadda ke digiri 30 nauyi da wajen kashi 9 cikin 100. Injin mota kuwa, da yake ba da fetur kaɗai yake rayuwa ba, sai ya gauraya kowane awo guda na fetur da awo 14 da 'yan kai na iska kafin wuta ta ci yadda ya kamata, don haka duk abin da aka tauye masa na iska an tauye masa na ƙarfi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan mas'ala da kyau, domin a cikin dukan waɗanda suka yi mini dariya a unguwarmu ta Derrière la Prison, wadda ke jingine da babban kurkukun Libreville, har yau babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe ta.

Motata Toyota Corolla ce, daga cikin tsofaffin nan da Turawa suka gama cin moriyarsu aka lodo a jirgin ruwa aka sauke a tashar Owendo, kuma kafin ta zo hannuna ta daɗe tana tasi, har wani daga cikin masu ita na baya ya cire akwatin robar da matatar iska ke zama a ciki, ya bar matatar tsirara tana shaƙar hucin lagireto da na bakin salansa. Da asuba takan tashi da kuzari. Amma da zarar rana ta take, na taso daga rumfata ta atamfa a kasuwar Mont-Bouët, na faɗa cunkoso cikin gumin garin nan da ba ya bushewa, sai ta riƙa hawan tudu kamar tsohon jakin da aka yi wa kayan gishiri, masu tasi na bayana suna danna mini ham ba ƙaƙƙautawa.

Bakanikena, mutumin Garwa ne mai ƙarancin magana, ya leƙa ya ce, "Alhaji, akwatin za ka saya wurin 'yan gwangwan, jika 15 ne." To, ni da na baro Maradi tun kafin watan Janairun 1994, na kuma ga yadda aka karya darajar sefa rabin gumin mutum ya narke a dare ɗaya, ba na rabuwa da jika 15 a kan roba. Na yi ƙiyasi na ce illar dai zafi ce, maganin zafi kuwa shamaki, kuma babu shamakin da ya kai alminiyam, saboda yana mayar da hucin wuta inda ya fito, ba ya kuma narkewa sai zafi ya kai digiri 660.

Alminiyam mafi faɗi a gidana shi ne farantin matata Hajiya, wanda mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, ta kawo mata tsaraba daga Makka, mai zanen furanni a tsakiya da baki mai lanƙwasa-lanƙwasa, wanda ba a sauke shi daga kan kabad sai ranar Salla. Ranar da Hajiya ta tafi suna Akébé za ta kwana, na tsaya gabansa na yi dogon ijtihadi, na tuna cewa malamai sun ce larura takan halatta abin da aka hana, na kuma lura cewa abin da ake amfani da shi sau biyu a shekara ya fi kusa da ajiya fiye da dukiya. Bayan isha'i na sa masa zarto. Ban yi la'akari da cewa ƙarar zarto a kan ƙarfe da dare, a unguwa irin tamu, tana da wata ma'ana ta dabam ba, sai da na ɗaga kai na ga maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, wani dattijo yana tambaya cikin ladabi ko akwai ɗan'uwana a ciki.

Na lanƙwasa farantin ya kewaye matatar, na liƙa masa soson tsohuwar katifa ta ciki domin ƙarin kariya, na ɗaure da waya da tsinken tsohon tif. Bonet ya ƙi rufuwa, na hau na zauna a kai, ya rufu.

Kashegari Juma'a ce, na ɗauki ladaninmu, tsoho mai ciwon gwiwa wanda sai an kama shi yake shiga mota, muka nufi masallacin Hassan II. Wallahi tun daga ƙofar gida motar ta canja hali, na taɓa totur kaɗan ta zabura, har na fara yi wa Baba Ladan bayanin nauyin iska, shi kuwa yana jan carbi yana cewa, "Madalla, Alhaji, amma mene ne ke kaɗa ganga a gaba?" Muna cikin haka muka faɗa wani rami da ruwan daren jiya ya ɓoye. A nan ne wata sifa ta alminiyam, wadda ba ta shigo cikin ƙiyasina ba domin ba ta shafi babin zafi ba, ta bayyana: yana ɗaukar lantarki. Farantin ya goce, gefe ɗaya ya kwanta a kan jan kan batir, ɗaya gefen yana jikin ƙarfen mota, tartsatsi ya tashi, soso ya kama, baƙin hayaƙi mai ɗoyi ya turnuƙo ta ƙarƙashin bonet.

Kafin in gama inna lillahi, Baba Ladan ya riga ya ƙetare kwata, ya bar mini takalmi ɗaya da sandarsa. Wata mata mai gasa agade a bakin titi ta sheƙo mana ruwan wanke-wanke, rabi a injin, rabi a shaddata, wani direban tasi ya zo da rairayi, wani yaro ya sa sandar Ladan ya ture farantin. Jama'a suka kewaye shi suna kallon furannin da suka yi baƙi, ana ta muhawara da Faransanci a kan ko wane kamfani ne ke ƙera irin wannan.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi kan kabad, ta dube ni, ta ce, "Malam, ina farantin Inna?" Magana ta kai gaban limaminmu, wanda ya karanci Risala tun ina yaro, ya kuwa yanke cewa dukiyar mace tata ce, wanda ya lalata kayan wani lamuni ya hau kansa, kuma gudun biyan jika 15 ba ya cikin larurorin da shari'a ta sani. Da aka zo ƙiyasta ƙima, Hajiya ta ce abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki ba ya da farashi. Na ce farantin dai bai yi ɗawafi ba, a kasuwa aka saye shi, wataƙila ma ƙirar Sin ne. Wannan bayani, duk da ingancinsa, shi ya ƙara mini turmi biyu na atamfa a kan sabon faranti, ban da batir da wayoyi da takalmin Ladan.

Da bakanike ya ɗaura akwatin, wanda a lokacin ya koma jika 20, ya nuna mini wani bututu da ke fita daga jikinsa zuwa bayan fitila, inda yake zuƙo iska mai sanyi daga waje, ya ce, "Alhaji, ai wannan ita ce garkuwar." Na ce alhamdu lillahi, ashe injiniyoyin Japan ma ra'ayinmu ɗaya. Na kuma kafa shi shaida cewa daga ƙofar gidana zuwa ramin nan motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Hajiya, da ke bayan labule, ta ce a tambayi Malam ko daga ƙofar gidan zuwa ramin hawa ne ko gangara.