Ƙarfin da Bai Kai Ƙafa Ba

A Yelwa, kan hanyar da ke gangarawa bakin ruwa, akwai wani gareji a gindin darbejiya inda wani dattijon bakanike ya tsufa yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Kowa Baba yake ce masa. Labarin nan nasa ne da wani Alhaji. Kada a tambaye ni sunan Alhajin, domin duk garin da na ba da labarin sai an sami wanda ya ce ya san shi.

Alhaji yana da wata tsohuwar a-kori-kura, Peugeot 504, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun da aka buɗe kamfanin a 1975. Fijon ta ga duniya. Ita ke kwasar bandar tarwaɗa da buhunan warangi, da albasar Gungawa, da shinkafa, yau Wara gobe Shanga, jibi ta kama titin Koko. Yawancin masu hawanta mata ne 'yan kasuwar kifi, waɗanda jarinsu duka bai wuce kwando biyu ko uku ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Alhaji ya zauna ya yi lissafi, ya ga motar tana shanye ribarta kafin ta dawo gida. Sai ya yanke shawarar cire injin fetur ya sa na gas, wato dizal. Gas ɗin ba araha gare shi ba, amma injinsa tsotsa yake yi, na fetur kuwa kwankwaɗa. A nan Alhaji bai yi kuskure ba, kuma ina so a riƙe wannan.

Ya tafi Panteka a Kaduna ya dawo da inji a bayan tirela, Toyota 3L mai lita 2.8, wanda aka ciro daga wata bas ƙirar Hiace. Aka sauke shi a garejin Baba, yara suka kewaye shi. Baba ya zagaya shi sau biyu, ya shafa, ya leƙa bayansa.

"Alhaji, ina giyabos ɗinsa?"

"Wace giyabos kuma, Baba? Ai motar tana da tata."

Baba ya jawo benci ya ce Alhaji ya zauna. Ya ce injin fetur doki ne, ƙarfinsa a sukuwa yake, sai ya doshi juyi 5,000 a minti kafin ka ga iyakarsa. Na gas kuwa takarkari ne. Tun yana juyi 2,000 da ɗoriya ya riga ya ba da ƙarfin jansa, kuma da ya kai 4,000 ya gama magana. Giyabos ɗin Fijon nan mai giya huɗu, da aksul ɗin bayanta, an auna haƙoransu ne da gudun doki. In ka ɗaura musu takarkari, kafin motar ta yi wani gudun kirki a kwalta injin ya fara kururuwa yana neman giya ta biyar, ga shi babu, man da kake son tattalawa ya tafi a hayaƙi. Sannan ga duka. Injin fetur yana matse iska ninki 8 ko 9 kafin fulogi ya kunna ta, wannan kuwa ninki 22 yake matsewa har gas ya kama da kansa, don haka kowane bugu nasa tamkar saukar taɓarya ne. Kuloci da haƙoran da suka shekara 30 suna shan wahala, su za su karɓi taɓaryar nan.

"Akwai kuma birki," in ji Baba. "Injin fetur da kansa yake zuƙo iskar da ke sa birki ya yi laushi. Na gas ba ya yi. Shi ya sa Toyota suka maƙala wani ɗan famfo a bayan altanetarsa. Naka an cire altanetar kafin a sayar maka."

Ya shimfiɗa masa hanya biyu. Ko ya mayar da wannan ya nemo injin gas na Peugeot ɗin kansu, XD2 mai lita 2.3, wanda ɗan gida ne, ya san giyabos ɗin gidansu. Ko kuma ya koma Kaduna ya sayo giyabos mai giya biyar da aka haifa tare da wannan injin, da kulocinsa da altanetarsa, a yanke farfela a daidaita ta, a duba aksul, a ƙara wa gaba ƙarfi saboda nauyi. Aikin zai ci kuɗi, zai kuma ci mako uku.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, wa ke ganin giyabos? In an buɗe bonet inji ake kallo. Kuma na riga na gaya wa mutane ranar Juma'a za ta fito."

"Mutane ba sa ganinta, Alhaji, amma ƙafa tana jinta. Ƙarfin inji ba ya isa ƙasa sai ta hannunta. Ni dai ba da hannuna ba, domin mata da goyo ke hawa motar nan."

Ba a rasa mai cewa to. Akwai wani matashin bakanike a bakin tasha da ya saurari Alhaji ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Tsofaffin nan tsoro ya yi musu yawa." Ya kira mai walda aka yanko faifan ƙarfe da wuta, aka huda shi da ido, aka haɗa bakin injin Toyota da bakin giyabos ɗin Fijo, inda noti ya ƙi shiga aka faɗaɗa ramin. Irin faifan nan ana yin sa, kuma yana aiki in an auna shi a injin sassaƙa ƙarfe har tsakiyar wannan ta dace da tsakiyar wancan. In ya kauce ko da kaurin farce ne, sandar da ke shiga giyabos za ta riƙa juyi a karkace, tana cin boris ɗinta a hankali, ba wanda ya ji.

Ranar Juma'a aka fito da ita. An yi mata sabon fenti, an ɗaura ƙyalle a eriya, maroƙi ya zo, aka raba goro. Alhaji ya buɗe bonet ya taka totur, ƙasa ta girgiza, mutane suka yi ta sa albarka. Ba wanda ya durƙusa ya leƙa ƙasa.

Ta yi mako biyar tana aiki. Direba ya ce birki ya yi tauri sai ya miƙe tsaye a kansa, aka ce ya saba. Ya ce giya ta uku tana fita da kanta, aka ce ya riƙe ta da hannu. Ya ce akwai wani kuka a ƙarƙashin kujera, Alhaji ya ce ƙarfi ne ya yi mata yawa. Wata ranar kasuwa suna dawowa daga Wara bayan magariba, da lodi har sama da mata bakwai a kai, a wani ɗan hawa mai yashi aka ji ƙas, sannan wani gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Motar ta tsaya. Injin bai mutu ba, yana ta ruri lafiya lau, ƙafafu ko motsi.

Baba aka ɗauko a babur, domin matashin ya kashe waya. Wurin gefen wani ƙauye ne na bakin tafki, irin waɗanda gwamnati ta gina wa mutanen da ruwa ya tasa, gidajen siminti a jere. Duhu ne ko tafin hannu ba a gani. Akwai turakun lantarki a tsaye bakin hanya, amma babu waya a kansu. Baba ya kwanta ƙarƙashin motar, yaronsa yana haska masa da fitilar wayar hannu, ya kwance notin mai. Abin da ya zubo a tafinsa baƙin mai ne mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, da gutsattsarin haƙora uku.

Wani tsoho Bagunge ya fito da tabarma da ruwa a kwano ya ba matan. Ya tsuguna kusa da Baba yana kallo.

"Malam, injin ne ya lalace?"

"Injin ƙalau yake, dattijo. Ka ji shi ai. Abin da zai kai ƙarfinsa ƙafa ne babu."

Tsohon ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce shi yana yaro aka kafa wani babban inji a kan kogin nan. Ya ce yana tuna shekarar da ruwa ya taso ya haɗiye gungunsu, da fadamar albasar ubansa, da kushewar kakanninsa, aka ɗebo su aka kawo nan, aka ce su yi haƙuri, abin da za a samu na kowa ne. Ya ce ya ji wutar tana zuwa har Yamai. Sannan ya ce wa yaron Baba ya rage hasken wayar, domin in cajin ya ƙare sai an je gari.

Abin da tsohon ya faɗa ba tatsuniya ba ce. An fara gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, aka buɗe ta a 1969. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga mazauninsu, har da tsohon garin Bussa da ya nutse. Injinan da aka kafa an yi su ne don ba da megawat 760. Mutanen da suka ba da ƙasarsu aka yi wannan aiki, yau da yawansu hanyar da za ta kai su kasuwa ma sai an yi addu'a, shi ya sa suke cika jiragen katako fiye da kima. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a ruwan Wara, aka yi kwanaki ana ciro gawarwaki. Ina jin zafin wannan har yau, kuma ban yarda a kira shi ƙaddara kawai a tashi ba.

Da asuba aka jawo Fijon zuwa Yelwa. Baba ya ƙulle haƙoran nan uku a tsumma ya miƙa wa Alhaji a gaban garejin. Ya ce har yanzu motar tana gyaruwa, injin mai kyau ne, kuɗinsa bai faɗi ba, a sayo masa abin da ya dace da shi kawai. Alhaji ya karɓi tsumman, ya juya shi a hannu, ya sa a aljihu. Ya ce zai duba. Ya ƙara da cewa an gaya masa akwai wani injin a Panteka mai tobo, wanda ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Motar tana nan a ƙofar gidansa, ƙafafunta sun fara nutsewa a ƙasa. Kowace safiya yana sa a tayar da injin don kada batir ya mutu, in baƙi sun zo a buɗe musu bonet. Matan nan bakwai kuwa, biyu sun bar sana'ar, domin kifinsu ya rurrugurje a daren nan kuma jarin bashi ne. Sauran biyar ɗin, ranar kasuwar Wara tun da duhu suke wucewa ta ƙofar gidan da kwanduna a ka, da goyo a baya, su gangara bakin ruwa su jira jirgi ya cika.