Yadda Sana Ya Koma Saƙon Waya

Ɗan wana ya gama karatun akanta a Sakkwato, ya dawo Kebbe bakinsa cike da Turanci. Ƙarshen 2022 ne, Babban Bankin Najeriya ya riga ya sanar za a sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya. Yaro ya tsare ni a zaure da biro da takarda, ya tambaye ni burina.

Na ce Makka.

Ya girgiza kai. "Baffa, wanga ba riyalistik ba ne. Faɗi wanda hannunka ka iya kaiwa." Muka shiga ragi, daga Makka zuwa mota, daga mota zuwa babur, har muka daidaita a kan injin ban ruwa don albasata ta fadama.

Sai ya juya kan dukiyata. Gona, in ji shi, ba ta zama kuɗi yau-yau. Geron rumbu sai an sussuka an kai kasuwa. San da nake turke da shi kuwa, wanda ya cinye min dusa da harawa har matata ta fara kishi, yana iya wayar gari mushe. Abin da masu ilimi ke kira likwid aset, kuɗi ne a banki: ka danna waya su fito. Wa zai yi gardama da mai digiri?

Na kora sa kasuwar Tambuwal, aka yi ciniki, aka ƙirgo min tsofaffin takardu. Wa'adinsu 31 ga Janairun 2023, don haka na bi layi na zuba su a banki. Waya ta yi ƙara, ga lissafi reras. Ranar har tafiyata ta canja.

Aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffi suka shige, sababbi suka ƙi fitowa. Mai POS ya ce in ina son dubu goma in bar masa biyu, kuma ma sai jibi. Na tafi Jega wajen mai injin, ya ce shi dai tsaba. Na yi magiya har ya yarda da tiransifa. Muka fita neman sabis, ni a kan benci, waya a sama, shi yana riƙe da ƙafata. Kuɗi suka bar wajena, ba su isa wajensa ba. Ya ja injinsa cikin shago, ya ce Allah ya bayyana. Kuɗin motar komawa gida, hulata na ba yaron mota jingina, na shigo gari kai ba hula, mutane na tambaya ko lafiya.

Matata, wadda ba ta taɓa jin kalmar aset ba, ita ta riƙe gidan. Ta ba da zakara aka auno shinkafa, ƙwan zabbi ya kawo manja da gishiri. Kullum da yamma sai ta leƙo zaure a ladabce ta ce, "Malam, saƙon nan na waya, da miyar kuka za a tuƙa shi ko da kuɓewa?"

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo har ƙarshen shekara. Tiransifa ta gama yawonta ta dawo, na koma banki, aka miƙo min irin takardun da na kai, har da mai tabon goro. Kafin nan rabin albasa ta ƙone, injin ya ƙara kuɗi. Na nemi akanta, ya ce a littafi ba haka abin yake ba.

Kuɗin sun sai min maraƙi da tunkiya biyu. Injin kuwa na maƙwabcina nake haya, kuma ya gindaya sharaɗi: da buhun albasa za a biya shi.