Kwaram-Kwaram a Ƙarƙashin Bonet

Motata 'yar Kwatano ce, ta kwana biyu a duniya, kuma ta san inda za ta kunyata ni. A ƙofar gidan surukaina ko a layin shan mai take sakin murya: kwaram-kwaram daga gaban injin, wajen fambel, musamman in tana tsaye a silo. Da na taka totur sai ta lafa.

Majalisar ƙofar gidanmu ce ta fara duba ta. Wani maƙwabcina da ko keke bai mallaka ba ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce injin ya kusa nokin, in fara neman mai saye. Mai shayi ya ce salansa ce. Na ce masa ai salansa a baya take, ya ce sauti yawo yake yi. Wani dattijo kuwa cewa ya yi, "A dai yawaita sadaka."

Bakaniken bakin titi bai gama ɗaga bonet ba ya yanke hukunci: fambel ne. Aka sa sabo, na biya, na tayar. Kwaram-kwaram, sai dai yanzu da sabon fambel.

Daga nan aka yi mini kwatancen wani tsohon bakanike. Ina shiga garejinsa mota ta yi tsit kamar amarya a gaban uwar miji.

"Alhaji, yaya ƙarar take?" Ban je Makka ba, amma duk wanda zai biya kuɗi a gareji Alhaji ne.

Na gyara murya na yi masa kwaram-kwaram da baki. Ya ce in sake, bai ji da kyau ba. Na sake, har da kaɗa kafaɗa. Yaran gareji suka shige ƙarƙashin wata bas suna shaƙe dariya. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce in fambel ne ke zamewa, ƙiii ake ji. In boris ne ya cinye, gurnani yake yi. Kwaram kuwa ƙarfe ne ke dukan ɗan'uwansa.

Ya sa aka kunna esi da manyan fitilu don injin ya ɗauki nauyi, sai ga ƙara ta dawo. Ya yayyafa wa fambel ruwa, ba ta canza ba. Ya ɗauko dogon sukudireba, ya riƙa ɗora bakinsa a jikin kowane ƙarfe yana kanga mariƙin a kunne. Ni ma na sunkuya da babbar rigata zan taya shi ji, ya fincike ni baya. "Alhaji, fambel bai san mai mota ba!"

Aka kashe, aka cire fambel, ya juya fulin caji, da na famfon ruwa, da na esi, da tanshina, ɗaya bayan ɗaya da hannu. Duk sumul. Sai ya kwanta ƙasa ya kama babban fulin nan na ƙasa, wanda ke juya sauran, ya girgiza shi. Ya motsa. Ashe zobba biyu ne, na ciki da na waje, da roba a tsakani mai shanye girgizar injin. Zafi da baƙin man da ke ɗiga a kanta sun cinye robar.

Da ya ga ina kallonsa da alamar kokwanto, ya ja layi da alli a kan zobban biyu, aka mayar da fambel, aka tayar, aka kashe. Layi ya rabu, rabi gabas rabi yamma. Ya ce da na bari zoben ya fice a hanya, fambel zai bi shi, batir ya daina caji, sitiyari ya yi tauri, ruwa ya tafasa.

A kasuwar Ƙofar Ruwa muka samo wani fulin, aka kuma toshe inda mai ke ɗiga. Da yamma maƙwabcina ya ce dama abin da ya faɗa ke nan, ban dai fahimce shi ba ne.

Tsohon fambel ɗina lafiyarsa ƙalau, yana nan a but. Mai buƙata ya zo da kuɗinsa, akwai ragi.