Jakin Safo Ba Shi Da Laifi

Yau na zo ne in tsaya wa jaki lauya, kuma ko dala ba zan karɓa ba. Dabbar nan ta ɗebo mana ruwa, ta kwaso kara daga gona, ta kai buhunan zogale daga fadamar Gulbi har kasuwar Maradi, ladanta sanda. Duk wannan bai ishe mu ba, sai da muka ɗora mata alhakin wani ɗan tsiro mai kaushi da ke fitowa a yatsun yaranmu, muka raɗa masa suna tusar jaki. Ku mutanen Safo, ku gaya mini tsakani da Allah: wa ya taɓa tsayawa ya ga lokacin da abin ya fita daga jaki ya sauka a bayan hannun ɗansa? Ga mai amalanke nan, shekara ashirin yana zaune daidai saitin inda iskar ke fitowa. Da zancen gaskiya ne, ai da yanzu fuskarsa ta koma bayan kada.

Na jiyo ka, kai na kan bencin mai shayi, da ka karkace hula kana cewa, "To, ga ɗan lakwal ya zo shi gaya muna abin da Nasara ya ce." Kwantar da hankalinka, Malam. Nasaran ma ba su fi mu ba. Mu jaki muka kama, su kuma kwaɗo suka kama. Shekara da shekaru iyaye a Ingila suna hana yara taɓa kwaɗo, wai ƙurajen bayansa za su hau hannu. Kowa dai ya nemo dabbar da ba ta iya kai ƙara wurin sarki.

Wanda ya fara wanke jaki da kwaɗo gaba ɗaya wani likita ne a Italiya, Giuseppe Ciuffo, a 1907. Mai gardama ne irinka, sai dai shi tasa gardamar a jikinsa ya gwada ta. Ya niƙe tsiron, ya tace ruwan da matacin da ko ƙwayar bakteriya ba ta wucewa, ya yi wa hannun kansa allura da shi. Bayan watanni, sai ga tusar jaki ta tsiro daidai wurin, alhali babu jaki ko ɗaya a ɗakin. Abin da ya wuce matacin nan shi ne ƙwayar bairos da ake kira HPV a yau, dangi ne babba mai fiye da iri 200. Jaki da saniya suna da nasu irin tsiron, amma nasu ba ya kama mutum. Namu daga mutum yake zuwa mutum.

Ƙofar shigarsa kuwa mu muke buɗe ta. Fata lafiyayya garu ce. Amma bari hunturu ya kama, ƙafa ta yi faso, hannu ya tsattsage, yaro ya yi ta cizon farce, ƙaya ta soke shi a gona: kowace 'yar tsaga ƙofa ce. Mahauta sun fi kowa sanin abin, domin hannunsu kullum cikin danshi da yankan wuƙa yake. Kuma ƙwayar ba ta da gaggawa, takan kwanta wata biyu, wata shida, kafin ta nuna kai. Shi ya sa ranar da tsiron ya fito, ba wanda ke tuna askar da aka yi karo-karo da ita tun kaka, sai jakin da ya wuce jiya.

In ba ka taɓa duba tusar jaki da kyau ba, kamo hannun yaron ka kai shi rana. Samanta tsage-tsage ne kamar busasshen taɓo a bakin tabkin Madarunfa cikin bazara. In ka kankare kaɗan za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe, waɗanda tsofaffi ke cewa iri ne ko saiwa. Ƙananan jijiyoyin jini ne da suka daskare. Ba ta da wata saiwa da ke ratsawa har ƙashi. Ta tafin ƙafa ce kawai ke yaudara, domin nauyin jiki na danna ta ciki, sai mutum ya riƙa ji kamar tsakuwa ta maƙale a takalmi. Ga yadda za ka bambanta ta da kanta: zanen fata yana bi ta kan kanta ya wuce, amma yana kauce wa tusar jaki. Kanta in ka danna take zafi, ita kuwa in ka matse ta gefe da gefe.

Yanzu ga inda za mu ɓata da wasu. Na san akwai wanda zai miƙe ya rantse cewa an ɗaure wa 'yarsa da zare, an yi tofi, an binne zaren a bakin hanya, kuma abin ya ɓace. Ban ƙaryata ka ba, Baba, ya ɓace ɗin. Amma a jikin yara, kusan biyu cikin uku na irin wannan tsiro suna ɓacewa da kansu cikin shekara biyu, ko an yi tofi ko ba a yi ba. Jiki ne ke gano baƙon ya kore shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da kazar da ka kai wa mai zaren ka yanka wa yarinyar ta sha romo, da sakamakon ɗaya ne, har da ribar romo.

Zare dai ba ya cutar da kowa sai aljihu. Wanda nake jin tsoro shi ne mai zafin nama. Wani ɗan ƙanena, yana da shekara tara, ya yi guda uku a babban yatsa. Abokansa na makarantar allo suka sa shi gaba da tsokana, suna kukan jaki in ya wuce. Wata maƙwabciya mai tausayi ta karyo ganyen tumfafiya, ta ɗiga masa farin ruwan nan a kai. Yaro kuwa ba ya zama da hannu a cinya. Kafin la'asar ya murza ido. Na same shi zaune a zaure ya dunƙule, idon ya yi ja wur, hawaye na bin kumatu, ko hasken ƙofa ba ya iya kallo. Muka wanke da ruwa buta bayan buta, muka ɗora shi a kabu-kabu sai likita. Allah ya taƙaita, idon ya washe bayan kwanaki. Tsiron uku kuwa suna nan daram, sai da suka ga dama suka tafi bayan damina biyu. Ka ga an tashi gyaran gira za a rasa ido. Masu zuba ruwan batir da masu ɗora garwashi ba zan ma yi musu dogon zance ba, tabon da ke hannunsu ya ishe su wa'azi. Mai yankewa da reza kuma shuka yake yi: jinin da ya bi yatsa, nan gaba ɗaya ta zama biyar.

To me za a yi? In ba ta dame ka ba, ƙyale ta, ka hana yaro ɓantara da cizo. In tana zafi ko tana yaɗuwa, akwai maganin shafawa na sinadarin salisilik a farmasi. Ka jiƙa wurin a ruwan ɗumi kamar minti biyar, ka goge mataccen saman da dutsen kaushi wanda ba mai taɓa shi sai kai, ka shafa basilin a kewaye don kada lafiyayyar fata ta ƙone, sannan ka ɗiga maganin. Kullum, har mako 12 in ta kama. Na san nan ne za ku watse, domin mu maganin da bai yi aiki kafin Juma'a ba sunansa jabu. Ba a sa shi a fuska, ba a sa shi a al'aura, kuma mai ciwon suga kada ya kusanci ƙafarsa da shi ko da reza. A manyan asibitoci akwai ƙonawa da sanyi, da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Ku da kuke kuka da sanyin Janairu a bakin Gulbi, sai ku kwatanta.

Akwai kuma na manya, wanda ba ruwansa da wata ƙwaya. Gwaggona ta haura saba'in, kumatunta da wuyanta cike da ƙananan baƙaƙen ɗige masu tudu, kamar an watsa mata ridi ya manne. A bayanta kuma akwai guda biyu masu faɗi, ruwan ƙasa, masu ɓarɓashi, sai ka ce ɗanko aka liƙa. Jikanta, wanda take kira mai gidanta, ya ce mata, "Tsohuwa, sai na sake ki, kin fara tsatsa." Ta ce, "Ja'iri, ka biya sadakin tukuna." Amma da muka keɓe sai ta rage murya: "Ɗana, wanga abu ba ya kashe mutum?" Ba ya kashewa, Gwaggo. Tsiron shekaru ne, yakan fara yawaita bayan hamsin, kuma yana bin jini: in uwa ta yi, 'ya ma sai ta shirya. Ƙananan na fuska sun fi yawa ga baƙar fata, wani likita Aldo Castellani ya bayyana su tun 1925. Ba a ɗaukarsu a kwano ko a zane. Man kaɗanya ya isa in suna ƙaiƙayi. Kai su gaban aska ne ke jawo baƙin tabo, wani ma ya kumbura ya fi abin da aka cire muni.

Makero da ƙora zan wuce su da sauri, kowa ya san su: da'ira mai ɓarɓashi a jiki, ko farin fili a kan yaro inda gashi ya kakkarye. Naman gwari ne, kuma askar da ta bi kai goma ba a wanke ba ita ce motarsa. Kawu wanzami, ba da kai nake ba, sai in ka tsargu. Na jiki yana jin man shafawa na farmasi. Na kai kuwa sai an sha ƙwaya mako shida zuwa takwas. Man nan na 'yan talla mai kashe ƙaiƙayi cikin dare ɗaya, ɗan uwan man bilicin, taki ne gare shi.

Kun sha dariya, to ku gyara zama. Duk waɗanda na lissafa masu surutu ne: suna ƙaiƙayi, suna ɓata ado, suna sa a tsokane ka. Wanda ya kamata ka ji tsoro shiru yake zuwa.

Fili a fata da ya fi sauran jiki haske ko ya yi ja-ja, ba ƙaiƙayi, ba zufa, kowa na cewa kyasfi ne. Sa mutum ya rufe ido, ka shafa gashin kaza a wurin. In bai ji ba, kada a kwana ana shawara. Kuturta haka take sallama. Ba gado ba ce, ba baki ba ne, ƙwaya ce da Hansen ya gani a Norwe a 1873, kuma tana warkewa da magani na wata shida ko goma sha biyu. Yatsun da kuke gani sun gutsure, jinkiri ne ya ci su. Mu kuwa a gundumar Madarunfa ba mu da bakin cewa nisa, domin asibitin Danja, wanda mishan ɗin SIM ta kafa a 1956 saboda wannan ciwo, yana nan kan hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, kuma masu ciwon fata iri-iri na zuwa can.

Sai zabiya. Ranar da ke ƙona mu mu yi baƙi, shi cin fatarsa take. Ɓarɓashin nan mai kaushi kamar yashi da ke fito masa a kunne, leɓe, wuya da bayan hannu, ba kaushin hunturu ba ne. Wani daga ciki yakan juye ya zama ciwon daji. Malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, aikin inuwa, da kai shi a duba tun abin yana ɓarɓashi. Uban da ya tura ɗansa zabiya kiwo da tsakar rana ba hula, ni da shi ba wasa.

"Mu baƙaƙe daji ba ya kama fatarmu," in ji na kan benci, ya dawo. Malam, ka san Bob Marley, ko ba ka san shi ba ka ga hotonsa a bayan mota. A 1977 aka ga baƙin tabo ƙarƙashin farcen ƙafarsa, aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne. Ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. A jikin baƙar fata irin wannan daji tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce yake so, wuraren da ba mai leƙawa. Saboda haka tawadar Allah da ta fara faɗi ko sauya launi, tsiron da ke jini ba a taɓa shi ba, gyambon da ya wuce wata bai rufe ba, duk na likita ne. Haka babban mutum da tusar jaki ta yi wa rubdugu lokaci ɗaya, a auna jininsa, wataƙila garkuwar jiki ce ta yi rauni. Wanda ya fito a al'aura kuma, kunya ba ta warkar da shi, kuma mata da miji tare ake zuwa.

Kai na kan benci, shanye shayinka, na biya. In ka koma gida, kira yaran nan ka duba musu hannu da kai da baya a cikin rana, ka cire takalmi ka leƙa tafin ƙafarka. In ka ga filin da ba ya jin gashin kaza, ka ɗaura wa jakin nan da ka yi wa ƙazafi amalanke, zai kai ka bakin titi. Maganin kuturta kyauta ne tun 1995.